Turaren da Aka Rage Wa Daddawa

A shekarar 1917, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, wani ɗan kasuwa haifaffen tsibirin Kosika mai suna François Coty ya fitar da wani turare a Faris, ya raɗa masa suna Chypre. Kalmar Faransanci ce, ana furta ta kusa da "shifra", kuma sunan tsibirin Saifurus ne, wanda Larabawa ke kira Ƙubrus. Yau ko ka zagaye manyan kantunan duniya ba za ka ga wannan turare a kan kanta ba. Sai dai sunansa ya zama sunan zuriya guda ta turaruka, kamar yadda a wajenmu Omo ya zama sunan kowane garin sabulu, Maggi ya zama sunan kowane dunƙulen miya. Masana turare in sun ce "wannan shifra ne", suna nufin an gina shi a kan tsarin da Coty ya kafa.

Wannan zuriya ita ta riƙe kasuwar turaren Turai kusan shekara saba'in. Ita ce kuma ta fi kowace jin jiki da aka fara taƙaita kayan haɗin turare saboda lafiyar fata. Sunayen suna nan a jikin kwalabe, kuɗinsu ma sai ƙaruwa yake yi, amma abin da ke cikin kwalbar ba shi ne wanda iyayen Turawan yau suka fesa ba.

Duwatsun murhu uku

Tukunyar shifra a kan duwatsu uku take zaune.

Na farko shi ne bargamot, wani lemo mai ɗaci da ake nomawa a gaɓar tekun Kalabriya, can ƙarshen kudancin Italiya. Ba a shan sa, ɓawonsa ake matsewa a fitar da mai. Duk wanda ya taɓa shan shayin Earl Grey ya san ƙamshinsa. Shi ne ke fara dukan hanci in an fesa turaren, mai haske, mai sanyi, kuma shi ne ke fara gudu, don cikin 'yan mintuna ya bi iska.

Na biyu labdanam, wani ƙaro ne mai danƙo, baƙi-baƙi, da ke tsattsafowa daga ganyen wani ɗan tsiro na ƙasashen Bahar Rum idan rana ta yi zafi. Larabawa na ce masa ladan, ba ladanin masallaci ba. Tun wajen shekara 2,400 da suka wuce Herodotus, marubucin tarihin Girka, ya ba da labarin cewa a gemun bunsuru ake tsefo shi, don awaki in suna kiwo a cikin tsiron sai ƙaron ya manne musu. Ka ji fa, ɗaya daga cikin mafi daɗin ƙamshin da aka sani, daga gemun dabbar da wari ya yi wa suna. A tsibirin Kirit kuwa wani abu suke yi mai kama da manjagara, maimakon haƙora sai tsinkayen fata, su riƙa kaɗa shi a kan tsiron sannan su kankare abin da ya manne. Yau mafi yawansa daga Sifaniya yake zuwa, ana dafa rassan ne a fitar da ƙaron. Ƙamshinsa mai ɗumi ne, da zaƙi-zaƙi, da wani abu kamar fatar dukawa.

Na uku shi ne abin da ya jawo duk rigimar: gansakukar da ke fitowa a jikin bishiyar oak, wadda masana tsirrai ke kira Evernia prunastri. A gaskiya ba tsiro ɗaya ba ce, halittu biyu ne suka haɗa zama, wani nau'in naman gwari da wani nau'in gansakukar ruwa, ɗaya na ba da mafaka, ɗaya na samar da abinci. Ana tsinko ta a dazuzzukan Masedoniya da Bulgeriya da Maroko, a busar, a kai garin Grasse na kudancin Faransa inda ake tace ta, ta koma wani abu mai kauri, kore mai duhu. Tana da ƙanwa da ke fitowa a jikin wasu bishiyoyin kan tsaunuka, wadda har a cikin gawawwakin da mutanen Masar na dā suka adana an same ta.

Yaya ƙamshinta yake? Ka tuna ƙasan inuwar kurmi bayan ruwan sama, da ɗan ɗaci, da ɗan gishiri-gishiri, da wani abu kamar tawadar allo. Ita kaɗai ba za ka ce mata turare ba. Aikinta aikin daddawa ne a miyar kuka: ba wanda zai ɗauki daddawa ya ce ga ƙamshi, amma cire ta ka ji yadda miyar za ta zama salam. Banda wannan, ita ke riƙe sauran kayan a jikin fata, ta hana su saurin tashi. Sau da yawa ana ƙara mata faculi, sannan a cika tsakiyar tukunyar da furanni irin su wardi da yasmin.

Daɗin shifra yana cikin tazarar da ke tsakanin hasken lemon da duhun gansakukar. Turaren oud da muka saba da shi yakan shigo da nauyinsa tun daga ƙofa ya zauna. Shifra kuwa yakan fara da fara'a, sai a hankali ya ɗaure fuska. Shi ya sa wasu ke cewa turaren masu jin kai ne, ba ya roƙon kowa ya so shi.

Kafin Coty, da bayansa

Ba Coty ne ya ƙirƙiro sunan ba. Saifurus tsohuwar matattarar kayan ƙamshi ce. A wani wuri da ake kira Pyrgos masu tonon tarihi 'yan Italiya sun gano masana'antar turare da ta kai kusan shekara 4,000. A ƙarni na 17 da na 18 manyan Faransa suna barbaɗa wa gashin kantinsu wata hoda da ake kira hodar Chypre, wadda ake haɗawa da garin gansakuka. Gidan Guerlain ma ya fitar da Chypre de Paris a 1909, shekara takwas kafin na Coty.

Abin da Coty ya yi shi ne ya share tarkace ya bar ƙashin ginin a fili, yadda kowane mai haɗa turare zai iya gani ya ɗora nasa a kai. Ga shi kuma gwanin kasuwa. Shi ne ya haɗa kai da maƙerin gilashi René Lalique don kwalba ta zama abin ado, ya kuma riƙa sayar da ƙananan kwalabe ga matan da ba su da ƙarfin sayen manya. Ya tara dukiya har ya sayi jaridar Le Figaro a 1922, ya zuba kuɗi cikin siyasar masu tsattsauran ra'ayin kishin ƙasa, ya mutu a 1934 bayan kaso mai yawa na dukiyar ya zube. Turarensa ya fi siyasarsa tsawon rai.

Shekara biyu bayan Chypre, a 1919, Jacques Guerlain ya fitar da Mitsouko. In za a ce in zaɓi guda ɗaya daga cikin zuriyar nan in bar sauran, shi zan ɗauka ba tare da dogon tunani ba. Sunan na wata mata ce 'yar Japan a cikin littafin La Bataille na Claude Farrère, labarin da ya faru lokacin yaƙin Rasha da Japan. Guerlain ya ɗauki ginin Coty ya sa masa wani sinadari da aka haɗa a ɗakin bincike, mai ƙamshin nunannen ɗan itacen fic, ya ƙara kayan yaji kaɗan. Wannan ɗan ƙarin shi ya sauya komai. Ɗacin gansakukar ya samu abokin zama mai laushi, sai turaren ya zama kamar fatar mutum da rana ta ɗan gasa. Ba ya ihu. A lokacin hunturu, sa'ad da iska ta bushe, za ka iya jin sa a wuyan riga har washegari.

Abin lura a nan, tun daga tushe shifra ba turaren "kayan gargajiya zalla" ba ne, kamar yadda wasu masu kukan an ɓata shi ke ɗauka. Mitsouko bai zama Mitsouko ba sai da sinadarin ɗakin bincike.

Shekarun Yaƙin Duniya na Biyu da na bayansa su ne kakar shifra. A 1944, Faris na fitowa daga mamayar Jamus, aka fitar da biyu da suka sha bamban kamar dare da rana. Edmond Roudnitska ya haɗa wa gidan Rochas turaren Femme, mai ƙamshin 'ya'yan itacen da suka nuna har suka fara yin duhu. Ita kuwa Germaine Cellier, ɗaya daga cikin matan farko da suka yi suna a wannan sana'a ta maza, ta haɗa wa Robert Piguet turaren Bandit, wato ɗan fashi. Ta zuba masa wani sinadari mai ƙamshin fata da ɗaci, a ma'aunin da sauran masu sana'ar ke ganin ya wuce hankali. Bandit na dā kamar ka shiga rumfar dukawa ne riƙe da ɗanyen ganye a hannu. Turaren mata ne a takarda, amma ya fi turarukan maza da yawa na yau tsare gida.

Sai Ma Griffe na gidan Carven a 1946, wanda Jean Carles ya haɗa bayan hancinsa ya daina jin ƙamshi, da ƙwaƙwalwa da lissafi kawai. Sai Miss Dior a 1947, mai ɗauke da sunan Catherine, ƙanwar Christian Dior, wadda ta yi gwagwarmaya da mamayar Jamus har aka kai ta sansanin Ravensbrück, ta kuma fito da rai. Chanel ya ba maza nasu a 1955, Pour Monsieur. Bernard Chant ya yi uku da kamanninsu ke nuna uba ɗaya ne: Cabochard a 1959, Aramis a tsakiyar shekarun 1960, da Aromatics Elixir na Clinique a 1971, wanda fesawa ɗaya ta ishi ɗaki guda. Roudnitska ya dawo da Diorella a 1972, shifra mai ruwa-ruwa da ya fi dacewa da zafin bazara irin namu. Paloma Picasso na 1984 da Knowing na 1988 suna cikin na ƙarshe da aka yi da gansakuka ba tare da ana duban ma'auni ba.

Tsofaffin shifra da yawa suna da kayan dabba a ƙasansu, almiski da jibda. A nan ne tarihin ya ɗan gifta ta ƙofarmu. Baturen nan Hugh Clapperton da ya zo Sakkwato a 1824 ya ba da labarin cewa Atiku, ɗan'uwan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, yana kiwon jibda ɗari biyu a cikin kejin katako, ana kwasar turarensu. Kasuwar Turai dai daga baya Habasha ta dogara da ita, yau kuma kusan duk manyan gidaje sun koma jibdar roba saboda ƙorafin masu kare dabbobi.

Likitocin fata sun shigo

Bargamot aka fara kamawa. A cikin mansa akwai wani sinadari, bagaften, wanda in ya taɓa fata sannan rana ta doke ta, sai wurin ya ƙone ya bar tabo mai duhu, sau da yawa da siffar yadda turaren ya gangaro a wuya. Likitoci sun san wannan tun farkon ƙarni na 20. Maganin bai yi wuya ba: aka koyi cire sinadarin daga man, wanda ba a cire ba kuma aka ce kada ya wuce kashi 0.4 cikin 100 a abin da zai zauna a fata. Wannan doka ba ni da ja da ita ko kaɗan. Mu da ke rayuwa a ƙarƙashin rana irin ta Sahel, kuma baƙar fata ta fi daɗewa da tabo in ta ji rauni, mun fi Bafaranshe cin moriyarta.

Gansakuka ce ta zama ƙarfen ƙafa. A ƙarshen shekarun 1970 likitocin fata suka tsara wani gwaji da ake manna wa majinyaci a baya don gano abin da ke sa masa ƙaiƙayi da ƙuraje. Kayan ƙamshi takwas aka zuba a ciki, gansakuka na ɗaya daga cikinsu, kuma tana cikin waɗanda suka fi tayar da fata. A 2003 masu bincike a Turai suka gano ainihin masu laifin, sinadarai biyu ne, ataranol da kuloro-ataranol, waɗanda ke samuwa yayin da ake tace gansakukar. Na biyun yana cikin mafi ƙarfin abubuwan tayar da borin fata da aka taɓa aunawa; ɗan mitsitsin da ba a iya gani ya isa ya tayar da fatar wanda jikinsa ya riga ya ƙi shi. Kuma in jiki ya ƙi abu irin wannan, ya ƙi ke nan har abada.

Masu hannu a dokar kashi biyu ne, kuma ana yawan cakuɗa su. Akwai IFRA, ƙungiyar masana'antun turare ta duniya, da aka kafa a 1973 a Jeniba. Ba gwamnati ba ce, 'yan sana'ar ne ke sa wa kansu ƙa'ida, amma tun da manyan kamfanonin da ke haɗa mafi yawan ƙamshin duniya, irin su Givaudan da IFF da Symrise da Firmenich, duk suna bin ta, maganarta ta zama tamkar doka. Sannan akwai Tarayyar Turai, wadda tata dokar ta gaske ce.

IFRA ta ce gansakuka kada ta wuce kashi 0.1 cikin 100 na turaren da aka gama. Mu yi lissafin. A kwalba mai mililita 100, wannan bai wuce ɗigo biyu zuwa uku ba. In kuma turaren mai kauri ne, wanda kashi 20 cikin 100 nasa man ƙamshi ne, to gansakuka ba za ta wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari na haɗin ba. Tsofaffin shifra suna ɗauke da ninkin wannan sau da yawa. A 2008 aka ƙara sharaɗi: ko wannan ɗan kaɗan ɗin, sai wanda aka tace har kowane ɗaya daga sinadaran nan biyu ya koma ƙasa da kashi 100 cikin miliyan.

Ita Tarayyar Turai a 2003 ta fitar da jerin kayan ƙamshi 26 da dole a rubuta sunansu a jikin kwali in sun wuce wani ma'auni, gansakukan biyu na ciki. A 2012 kwamitinta na masana kimiyya ya ba da shawarar a hana sinadaran nan biyu gaba ɗaya, tare da wani na roba mai suna Lyral, ya kuma ce tsakanin kashi 1 zuwa 3 cikin 100 na mutanen Turai jikinsu na ƙin wani kayan ƙamshi. Manyan gidajen Faransa suka yi ca, jaridu suka cika da labarin cewa za a kashe Chanel No. 5 da Miss Dior. An ɗauki shekara biyar ana ja-in-ja. A 2017 dokar ta fito: daga 23 ga Agusta 2019 ba a shigar da sabon kaya mai ɗauke da su kasuwa, daga 23 ga Agusta 2021 kuma ba a sayar da ko tsohon da ya rage a kanti.

Ita kanta gansakukar ba a haramta ta ba, wannan kuskure ne da ake yawan yi. Abin da aka hana shi ne sinadarai biyu a cikinta. Kamfanonin tace kayan ƙamshi sun koyi cire su. Matsalar ita ce tacewar ba ta tsaya kan su kaɗai ba, takan tafi da wani ɓangare na duhun da nauyin, sai abin da ya rage ya zama siriri, mai saurin gushewa.

Ka ce me ya shafi mai sayen turare a Kano ko Maraɗi da dokar Turawa? Kamfani ba ya haɗa turare iri biyu, ɗaya don Faris ɗaya don sauran duniya. Haɗi ɗaya yake yi wanda zai shiga kasuwar da ta fi tsanani, shi kowa zai samu.

Suna ɗaya, haɗi daban

Mu masu rubuta manhaja mun san irin wannan ciwon kai. Ka gina manhajarka a kan wani tubali da wasu suka rubuta, rana ɗaya a ce an gano ɓaraka a tubalin, an janye shi. Dole ka nemi madadi, ka yi ta gwaji har manhajar ta riƙa aiki kamar dā, ko kusa da haka. Bambancin shi ne mu muna sa lamba. In ka ga siga ta 2 ta koma ta 3, ka san an taɓa wani abu, kuma akwai takardar da ke lissafa abin da aka sauya. Gidajen turare ba sa yin haka. Kwalba ɗaya, suna ɗaya, talla ɗaya mai cewa "tun 1919", alhali an sauya haɗin ba sau ɗaya ba. A ganina wannan ya fi dokar kanta zama abin ƙorafi. Wanda ya biya kuɗi mai yawa don ƙamshin da ya sani ya cancanci a gaya masa an sauya.

Shi ya sa masoya tsohon turare suka zama kamar masu binciken laifi: suna karanta lambar da ke ƙasan kwalba don gano shekarar da aka cika ta, suna duban launin ruwan, da siffar murfi, da tsawon jerin sunayen da ke bayan kwali. Kwalin da ba shi da dogon jerin nan, alama ce an yi shi kafin dokar 2003 ta fara aiki a 2005. Kasuwar tsofaffin kwalabe ta bunƙasa a intanet, jabu ma ya bi ta. Kuma ko na gaske ka samu, lemon da ke samansa ya riga ya tsufa, abin da za ka ji ba daidai yake da abin da aka ji ranar da aka cika shi ba.

Sannan ba kowane sauyi ne laifin IFRA ba, ko da yake ita ake jefa wa kowane dutse. Femme an sake haɗa shi tun 1989, aka ƙara masa kamun, shekaru kafin a taƙaita gansakuka zuwa kashi 0.1 cikin 100. Neman kasuwa ne kawai. Sandal na Maisur ya yi ƙaranci saboda sara ba ƙaƙƙautawa. Wasu tsofaffin haɗe-haɗen da masu turare ke saye a shirye, kamfanonin da ke yin su sun rufe. Ga kuma akantoci masu neman a rage kuɗin kowane kilo. Doka ta zama labulen da ake ɓuya a bayansa.

Abin da Dior ya yi ya fi kowanne ba ni mamaki. A 2005 ya fitar da Miss Dior Chérie, turare mai zaƙi na 'yan mata. Bayan 'yan shekaru sai ya cire kalmar Chérie, sabon ya gaje sunan Miss Dior, shi kuwa na 1947 aka koma ce masa Miss Dior Originale. Yarinyar da ta sayi Miss Dior yau tana ganin turaren kakarta ta saya, alhali ko dangi ba su haɗa ba.

Guerlain ya fi kyauta wa nasa. Mitsouko ya yi wasu shekaru a tsakiyar shekarun 2000 yana rame, masoyansa na kuka. Thierry Wasser, wanda ya zama babban mai haɗa turaren gidan a 2008, ya sake zama a kansa da tatacciyar gansakuka, kuma haɗin da ya fito wajen 2013 ya samu yabo har daga masu tsananin ra'ayi. Ƙasansa bai kai na dā duhu ba, bai kuma kai shi daɗewa ba, amma in ka ji shi ka san Mitsouko ne. Wannan ya nuna cewa in gida ya yarda ya kashe kuɗi da lokaci, ana iya ceto abu mai yawa. Aromatics Elixir ma ya tsira da mutuncinsa, don faculi da ganyayen da ke cikinsa sun ɗauke wa gansakukar rabin kaya tun asali. Cabochard da Bandit sun fi jigata.

Wani zai ce me zai hana a ajiye asalin haɗin kamar yadda ake ajiye littafi? Nan ma akwai ƙulli. Haɗin turare sirrin kasuwanci ne, a sanduƙin kamfani yake. A watan Yunin 2006 kotun ƙolin Faransa ta yanke cewa ƙamshi ba aikin fasaha ba ne da dokar haƙƙin mallaka za ta kare, gwanintar sana'a ce kawai. Bayan kwana uku kotun ƙolin Holan, a shari'ar Lancôme da wani kamfani da ya kwaikwayi turarensa Trésor, ta yanke akasin haka. Ƙasar da ta fi kowa tinƙaho da turare ita ce ta ce ba fasaha ba ne. Abin da ya rage shi ne Osmothèque, wata ma'ajiya a Versailles da Jean Kerléo da abokan sana'arsa suka buɗe a 1990, inda ake sake haɗa ɓatattun turaruka bisa asalin takardunsu, a ajiye su cikin sanyi da duhu. Chypre na Coty yana can. Ana tsoma 'yar takarda a miƙa maka ka shaƙa, ba a sayarwa, ba a shafawa a fata.

'Ya'yan da ba su san daddawa ba

Masu haɗa turare ba su zauna jiran a sassauta ba. Tun farkon shekarun 2000 aka fara wani sabon salo da ake kira sabon shifra, inda tataccen faculi da almiskin roba suka maye gurbin gansakuka. Coco Mademoiselle na 2001 da Narciso Rodriguez For Her na 2003 su ne suka buɗe wannan hanya, kuma sun yi kasuwar da tsofaffin ba su taɓa mafarki ba. Turaruka ne masu kyau, amma ni ban ga dalilin ba su sunan shifra ba. Ɗacin nan da ɗaure fuskar babu su. Wanda ya fi kusa da cin jarrabawar shi ne 31 Rue Cambon da Jacques Polge ya haɗa wa Chanel a 2007, inda ya nemo wannan tazara ta haske da duhu ta wata hanyar, da saiwar airis da barkono da faculi.

Akwai kuma wani sinadari da ake kira Evernyl, kwafin ɗaya daga cikin ƙwayoyin da ke ba gansakuka ƙamshinta, wanda doka ba ta hana ba. Shi kaɗai kamar a ɗauko murya ɗaya ce daga cikin taron mawaƙa: tsaf take, amma ba amo. Abin dariyar shi ne wannan sinadari da aka riƙa amfani da shi don cike giɓin gansakuka ya zo ya yi nasa sunan. Yana cikin ginshiƙan Baccarat Rouge 540 na Francis Kurkdjian, turaren da kwaikwayonsa ya cika shagunan masu awon turare da wuraren biki a garuruwanmu. Da yawa daga cikin masu karanta wannan sun sha jin jikan gansakuka a jikin ƙawayen amarya ba su sani ba.

A gefe guda akwai ƙananan masu haɗa turare, musamman a Amurka, da ba sa cikin IFRA, suna zuba gansakuka yadda ake yi a dā, su sayar wa wanda ya yarda ya ɗauki kasadar. Ba su da ikon kai irin wannan kaya kantunan Turai. Ina ganin da tun farko an bi wannan hanya, a rubuta gargaɗi ƙarara kamar yadda ake rubuta "akwai gyaɗa a ciki" a jikin kwalin biskit, da an bar wa mutane zaɓi. Likitocin fata suna da amsa, kuma ba ta banza ba ce: mai borin gyaɗa ya san kansa, amma turare shi ke koya wa jiki ƙin abin tun farko, mutum ba zai san yana cikin kashi ukun nan ba sai bayan ya kamu, daga nan kuma sabulu da man shafawa da yawa sun haramta gare shi.

Taƙaitawar ba ta tsaya ba. A Maris 2022 Turai ta hana Lilial, wani sinadarin ƙamshin fure da ke cikin dubban turaruka, wannan karon saboda fargabar illa ga haihuwa. A 2023 ta ƙara kayan ƙamshi 56 a kan jerin waɗanda dole a bayyana, ta ba sababbin kaya wa'adi zuwa ƙarshen Yulin 2026, waɗanda ke kasuwa kuma zuwa Yulin 2028. Rubutun bayan kwali zai ƙara tsawo da ƙanƙanta. Mai son sanin ko turarensa na da sauran gansakuka ta gaske, ya juya kwalin ya nemi kalmomin Evernia prunastri, galibi suna can kusa da ƙarshen jerin.